Daga kujerar kansila zuwa majalisar jiha

Matasa kan tambaye ni ta ina za su fara siyasa, ni kuwa ba na wuce gunduma. Na yi kansila kafin in je majalisar dokokin jiha, kuma abin da ya riƙe ni a majalisa, a gunduma na samo shi.

Da farko yanki katin jam'iyya a gundumarka, domin tsarin mulkin 1999 bai ba da damar tsayawa takara ba sai jam'iyya ta tsayar da kai. Riƙa zuwa taro tun babu ƙamshin zaɓe, don ranar fidda gwani waɗannan fuskokin za ka tarar. Zaɓen kansila hukumar zaɓe ta jiha ke shirya shi, ba INEC ba (ban da Abuja), don haka nemi dokar jiharku ka karanta da idonka.

Sannan ka san iyakar gonarka. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya lissafa aikin ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, maƙabarta, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a harkar firamare da kiwon lafiya. A nan na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai. Na hau kan benci a taron yaƙin neman zaɓe na yi alkawarin gada, alhali titin na jiha ne. Bayan shekara guda wata dattijuwa ta tare ni, zanenta jiƙe har gwiwa, ta ce, "Ɗana, ina gadar?" Bakina ya mutu. Tun daga ranar na sayi ƙaramin littafi, duk abin da na ce zan yi sai in rubuta shi da kwanan wata da sunan unguwa. Wanda ya fi ƙarfina kuwa, in faɗa wa mutane gaskiya, in rubuta musu takarda, in raka su ofishin da ke da alhakinsa. Ka yi haka tun daga makon farko.

Koyi karanta kasafin kuɗi. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce kuɗin ƙananan hukumomi 774 su tafi hannunsu kai tsaye, saboda haka kansilan da bai iya bin sawun lissafi ba, ɗan kallo ne a zauren.

In ka hango majalisar jiha, tun 2018 shekara 25 ta isa, da karatu matakin sakandare. Ma'aikacin gwamnati sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Can kuma kai ɗaya ne cikin mutum 24 zuwa 40, aikinku doka da kasafi da sa ido a kan ma'aikatu. Nemi kwamitin da ya shafi damuwar mazaɓarka. Ni na nemi na ayyuka, saboda waccan gadar.