Waya da barcin yaranmu matasa: kurakuran da muke ta maimaitawa a gida

Ni malama ce a wata sakandare nan Tudun Wada, kuma wallahi abin da nake gani a darasin farko ya isa ya sa mutum magana. Ƙarfe takwas da 'yan mintuna yaro ɗan SS2 ya kifa kai a benci, in na tashe shi ido jajir, na ce ƙarfe nawa ka kwanta, ya ce "malama wajen biyu". Biyu fa! Kuma an tashe shi sallar Asuba biyar da wani abu. Likitocin barci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 awa 8 zuwa 10 yake buƙata kullum, toh ku lissafa da kanku.

Kuskuren da na fi gani namu ne iyaye, saurin cewa yaro malalaci ne. Idan yaro ya fara balaga agogon jikinsa da kansa yake matsawa, sinadarin melatonin da ƙwaƙwalwa ke saki in duhu ya yi, wanda shi ke kawo jin barci, yakan makara da kamar awa ɗaya zuwa biyu. Kenan dama can barcin ba ya zuwar masa da wuri, sai kuma ga hasken waya a fuska yana nuna wa ƙwaƙwalwa kamar har yanzu rana ba ta faɗi ba. Gori ba ya gyara wannan. A rage hasken ɗaki bayan Isha'i, a ajiye waya kamar awa ɗaya kafin kwanciya, da safe kuma ya fito tsakar gida rana ta taɓa shi, ita ke saita agogon.

Sai kuma wannan da yaran ke kare kansu da shi, "Umma ai na mayar da hasken ja-ja, ba ya hana barci". Eh yana ɗan ragewa, amma ba haske kaɗai ba ne matsalar ai. TikTok ba shi da ƙarshe, ka gama wannan bidiyo wani ya faɗo da kansa, mai buga gem an ci shi dole sai ya rama, yarinya ta tura saƙo a WhatsApp an karanta ba a ba ta amsa ba tana ta juyi tana leƙawa, ta ina barci zai shigo wa zuciyar da ke bugawa haka? Ko ka rage hasken ya koma kamar aci-balbal, in wayar na hannu ido biyu za a kwana.

Shi ya sa ni a wurina babban kuskure shi ne barin waya ta kwana a ɗakin yaro, musamman ƙarƙashin filo. Dalili biyu ake kawo min kullum, wai ita ce alam ɗin Asuba, ko wai sai dare ake kawo wuta dole ya sa caji kusa da shi. Dan Allah ƙaramin agogon tebur nawa yake a Kasuwar Barci ta nan Kaduna? Ga ladanin unguwa, ga ku da kanku kuna tashi. Caji kuwa a haɗa soket ɗaya a falo ko ɗakin uwa, kowa ya jona tasa a nan, in an kawo wuta ta ci abinta. Balle waya a caji ƙarƙashin filo zafi take ɗauka, ba abin wasa ba ne.

Akwai kuma datar dare. Yaro ya ce a ba shi kuɗin data zai yi aikin makaranta, ya je ya sayi mai arahar nan da sai tsakar dare take aiki, kin ga da kuɗinki kin saya masa rashin barci ba ki sani ba. Ki tambaya wace iri zai saya, gara ki ƙara masa ya sayi ta rana ko da kaɗan ce.

Ƙwace waya da duka ma na ga ba ya kai mu ko'ina, zai ari ta aboki ko ya ɓoye wata 'yar ƙarama a jaka, kuma daga ranar ya daina gaya miki gaskiya. Zama za a yi da shi a tsayar da lokaci, misali goma na dare waya ta tafi falo, ranar ƙwallon Turai a yi masa uzuri ya gama kallo. Amma fa dokar ta hau kan kowa. Abban yara, in kana kwance kana latse-latse har sha biyu yana jiyo sautin, da wane baki za ka ce masa ya ajiye tasa?

Ramuwar barci ranar Asabar har azahar ita ma ba gyara ba ce, daren Lahadi ya kasa barci, Litinin a koma gidan jiya. Ƙarin awa ɗaya ya isa.

Abin da ya fi ci min rai lokacin WAEC da JAMB ne, yaro ya sha Nescafe ko lemon ƙarin kuzari ya ce zai yi karatu a waya har gari ya waye. Kafeyin ɗin da ke ciki, wato sinadarin da ke korar barci, bayan kamar awa 5 rabinsa na nan a jini, wanda ya sha da magariba har tsakar dare yana tare da shi. Kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta, na sha ganin yarinya mai ƙoƙari ta zauna gaban takarda tana hawaye abin da ta haddace jiya ya gudu. A yi karatun da yamma, a littafi in zai yiwu, a kwanta.

In kun gyara duk wannan sati biyu zuwa uku yaro bai canza ba, ko yana minshari mai ƙarfi har numfashi na sarƙewa, ko kun ga ya shiga damuwa ya daina shiga mutane, kar a je kemis a sayo masa maganin barci, a kai shi asibiti likita ya duba shi.