Yadda Ake Ƙera Ƙaramin Kibod Mai Makunnai (Mechanical Keyboard) da Hannu a Kaduna

Kibod ɗin da aka saba gani a ofisoshi yana da madannai 104, amma wanda yake rubutu kullum ya san cewa yatsunsa ba su cika wuce haruffa da 'yan alamomin rubutu ba. Saboda haka mutum zai iya ƙera nasa mai madannai 48 kacal, layi 4 a kwance da layi 12 a tsaye, wanda zai shiga jakar kwamfuta ba tare da ya takura komai ba. Tazarar da ke tsakanin tsakiyar madanni da na kusa da shi milimita 19.05 ce, don haka tsawon kibod ɗin bai wuce kimanin santimita 23 ba, faɗinsa kuma kimanin santimita 8. A ganina babbar ribar wannan aiki ga mai rubuta Hausa ita ce zai zaɓa wa ɓ da ɗ da ƙ mazauninsu da kansa, ya daina rubuta "kasa" a inda yake nufin "ƙasa".

Tun kafin a sayi komai, a zauna a tsara inda kowane harafi zai kasance, domin wannan mataki ne yake yanke hukunci a kan ko kibod ɗin zai yi daɗin aiki ko za a jingine shi bayan mako guda. Tunda madannan sun yi kaɗan, ana raba aikinsu hawa-hawa kamar bene: hawa na farko na haruffa, idan an danne wani madanni da babban yatsa sai layin sama ya koma lambobi, idan an danne wani kuma sai alamomi da kibiyoyi su fito. Shawarata ita ce a ɗora ƙugiyoyin Hausa a kan 'yan'uwansu, wato ɓ a kan b, ɗ a kan d, ƙ a kan k, a kuma ajiye alamar da ake rubuta 'y da ita a hawa na farko kusa da hannu, saboda yawan zuwanta a kalmomi irin su 'ya'ya da sa'a. Shafin Keyboard Layout Editor yana ba da damar zana tsarin a kyauta, kuma yana da kyau a buga zanen a takarda daidai girmansa, a ɗora yatsu a kai a gwada.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana bukatar makunnai 48, wato 'yan na'urorin da ke ƙarƙashin kowane madanni, irin na Cherry MX, wanda kamfanin Cherry na Jamus ya fito da shi a farkon shekarun 1980, kuma yanzu Gateron da Kailh suna yin makamantansu da rahusa. Jan makunni yana sauka sumul, mai ruwan ƙasa yana da ɗan tudu da yatsa ke ji, shuɗi kuwa yana ƙara, wanda ba zai yi wa abokan zama a ofis ko ɗakin karatu daɗi ba. Ga mazaunin Kaduna na fi son Kailh Box, domin an rufe cikinsa yadda ƙurar hunturu ba ta samun hanya da sauƙi. Sai dayod 48 ('yar na'urar da ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai) samfurin 1N4148, da siririyar waya mai riga, da huluna na madannai, da ƙaramar ƙwaƙwalwa, wato ɗan allon lantarki da ke aika wa kwamfuta abin da aka danna. Ƙwaƙwalwar Pro Micro mai ATmega32U4 tana da ƙafafu 18 da za a iya amfani da su, tsarinmu kuwa 16 yake bukata, ɗaya ga kowane layi (4 da 12), amma a nemi mai bakin USB-C, saboda tsohon bakin yana saurin ɓallewa daga jikinta. RP2040-Zero ma ta wadatar. Dalma da waya da dayod da mitar gwada wuta ana samunsu wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da kewayenta, makunnai da huluna da ƙwaƙwalwa kuwa galibi sai an yi odarsu ta intanet.

Farantin da makunnai za su zauna a kai shi ne ƙashin bayan kibod ɗin. Kowane rami murabba'i ne, milimita 14 a kowane gefe, kaurin farantin kuma milimita 1.5, domin a daidai wannan kauri ne haƙoran makunni suke kamawa har a ji ƙas. Masu aikin allunan talla da suke da injin yanka na lesa za su iya fitar da shi daga zanen DXF ko SVG, sai dai roba mai wannan siranta tana tsagewa, don haka idan da ita za a yi, a ɗauki mai milimita 3 a ƙarfafa makunnan da ɗan gam. Wanda yake son alminiyom zai sami masu aikin ƙarfe a Panteka, amma ya roƙi maigidan ya fara yanka rami guda a gwada makunni a ciki, saboda ko rabin milimita aka ƙara, makunnin zai riƙa rawa.

Bayan an jera makunnai duka suna fuskantar gefe guda, sai a kifa farantin a fara solda. Kowane makunni yana da ƙafa biyu na ƙarfe. A lanƙwasa ƙafar dayod ta zama ɗan zobe, a saƙala ta a ƙafa ɗaya ta makunnin, a tabbata baƙin zanen da ke jikin dayod ɗin yana can nesa da makunnin, yana kallon wayar layin kwance. Sauran dogayen ƙafafun dayod ɗin a kwantar da su gefe guda, kowace ta taɓa ta gaba da ita, a liƙe su, sun zama layin kwance ke nan ba tare da ƙarin waya ba. Ɗaya ƙafar makunnin ita ce ta layin tsaye, kuma a nan wajibi ne a yi amfani da waya mai riga, a feɗe rigar a daidai wurin liƙi kawai, domin layin tsaye yana tsallaka na kwance, idan suka haɗu madannai za su riƙa rubuta abin da ba a danna ba. Amfanin dayod shi ne hana wuta komawa baya idan an danna madannai uku tare. Zafin ƙarfen solda kada ya wuce kimanin digiri 350, a ɗora bakinsa a kan ƙafar da wayar tare na daƙiƙa biyu ko uku, sannan a kawo dalma ta narke ta bi su. Liƙi mai kyau yana sheƙi, wanda ya dunƙule ya dushe kuwa a sake shi. A yi aikin kusa da taga saboda hayaƙi, a wanke hannu bayan an taɓa dalma. Akwai ƙarfen solda mai aiki da USB-C da batirin caji mai ƙarfi zai iya ɗauka, wanda yake da amfani idan an ɗauke wuta ana tsakiyar layi.

Kafin a haɗa layukan 16 da ƙwaƙwalwar, a bi kowane makunni da mita, sannan a rubuta a takarda wace waya ta tafi wace ƙafa. Da wannan takarda za a cika bayanan QMK, manhajar da ake ɗora wa ƙwaƙwalwar don ta sarrafa kibod ɗin, inda za a nuna alkiblar dayod a matsayin COL2ROW, wato daga layin tsaye zuwa na kwance.

Akwai abin da ya kamata a fahimta game da ƙugiyoyi: kibod lambar madanni kawai yake aikawa, kwamfuta ce take mayar da ita harafi. QMK tana iya aika lambobin Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa, inda ɓ take U+0253, ɗ take U+0257, ƙ take U+0199, manyansu kuma U+0181 da U+018A da U+0198. A Windows sai an saka ƙaramar manhajar WinCompose kafin hakan ya yi aiki, a Mac kuma a kunna Unicode Hex Input. Wanda yake yawo da kibod ɗinsa tsakanin kwamfutoci daban-daban ya ware madanni guda na sauya wannan yanayi.

Daga ƙarshe a rufe ƙasan da wani faranti ko siririn katako, a ɗaure da ƙananan sukurori M2 da ginshiƙai masu tsayin milimita 8 zuwa 10, a naɗe ƙwaƙwalwar da tef don kada ta taɓa wayoyi. A toshe gefuna sosai saboda ƙura, a manna ƙafafun roba huɗu a ƙasa, a kuma kai wa tela ya ɗinka masa jaka mai soso daidai girmansa, domin matsin littattafai a cikin jaka yana iya karya wuyan makunni.