Kafin ka biya shagon nutso a Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar

Jama'a, mai niyyar nutso a Bahar Maliya kada kwalliyar shago ta ruɗe shi. Fara duba wuyan tukunyar iska, akwai tambarin gwajin ƙarshe. In ya haura shekara 5, ƙi ta. Buɗe ta kaɗan ka sunsuna. Warin mai ko hayaƙi alama ce iskar ta gurɓata da man injin cikawa ko hayaƙin janareta, iskar da kan sumar da mutum a ƙarƙashin ruwa. Cikakkiyar tukunya bar 200 ce (bar ma'aunin matsin iska ne). Ja numfashi uku ta na'urar shaƙa kana kallon allurar ma'auni. In ta yi rawa, ko bawul bai buɗu sosai ba, ko na'urar shaƙar ta samu matsala. A nuna maka oksijin na gaggawa cikin jirgin ruwan, da katin shaidar malamin nutso, na PADI ko SSI (ƙungiyoyin horar da masu nutso). In ba su tambayi naka katin ba, canza shago.