Kafin ka kai tsohuwar Land Cruiser wurin mai fenti, gama da maganar ƙafafu

Duk ɗan'uwan da ya sayi tsohuwar Land Cruiser ko Patrol a nan Jidda da niyyar farfaɗo da ita, launi ne ke fara cin ransa. Ni kuwa ƙafafu nake so a fara da su. Faɗin rim da girman taya su ne za su nuna ko sai an rage bakin bodi, ko an huda shi an ɗaura robar da ke rufe taya. Yanka da huda a kan sabon fenti ɓarna ce, kuma a garin da iskar teku ke ɗauke da gishiri, ramin da aka huda bayan fenti nan tsatsa take fara kamawa.

Tawa Land Cruiser ce ƙirar 80 ta 1996, mai noti shida, awon da'irarsu milimita 139.7. Patrol Y60 da Y61 ma awonsu ke nan, shi ya sa masu shago ke cewa duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ramin tsakiya na Toyota mai noti shida milimita 106 ne, na Patrol 110, don haka rim na Toyota ba lallai ya zauna a Patrol ba. Daga ƙirar 100, wadda ta fito a 1998, Toyota ta koma noti biyar masu awon 150, shas, wato Land Cruiser ƙirar 70 mai buɗaɗɗen baya, ma ya bi sahu ba da jimawa ba. Ƙirga notinka, ka auna, sannan ka fita kasuwa.

Juya rim ɗin ka duba bayansa, za ka ga lamba kusa da haruffan ET. Ita ke nuna ko ƙafar za ta shige ciki ko ta leƙo waje. Na ƙirar 80 mai inci 16 da faɗin inci 8 sifiri ne. Samari na son wanda ya leƙo sosai don motar ta yi kwarjini, amma boris ne ke shan wahalar, sitiyari ya yi nauyi, taya kuma ta riƙa watso tsakuwa a jikin ƙofofin da ka biya kuɗi aka fente. Hakan na iya jawo maka magana a wurin fahas ma, wato gwajin lafiyar mota na hukuma.

Idan da gaske rairayi za ka shiga, ko na wajen Usfan ne ko Dahna, tsaya a inci 16, in ya yi yawa 17. A yashi ana sace iska zuwa tsakanin PSI 15 da 18 domin taya ta baje ta hau kansa, kuma hakan na buƙatar taya mai kaurin gefe. Inci 20 na titin cikin gari ne, irin Tahliya. Tsakanin ƙarfe da alminiyam kuwa, ni na ƙarfe na zaɓa: in ya daki dutse lanƙwashewa yake, a buge shi da guduma a ƙarasa gida, na alminiyam kuwa tsagewa yake. Amma na alminiyam ya fi sauƙin nauyi, ya kuma fi sakin zafin birki, abin da mai yawan gangarowa daga dutsen Hada ta hanyar Ɗa'if zai so ya yi la'akari da shi. In na hannu za ka saya a tashlihin Biriman, inda ake sayar da kayan tsoffin motoci, sa mai gyaran taya ya juya kowanne a injin balans kana tsaye, ka kuma shafa cikinsa ko akwai tabon walda. Kada ka manta da noti: na alminiyam ɗin Toyota mai washa ne shimfiɗaɗɗe, na ƙarfe mai tsinin baki. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake ɗaure su.

Ɗaura ƙafafun, ka murɗa sitiyari iyakarsa dama da hagu, ka hau tudu da ƙafa ɗaya ka ga inda taya ke goga. In an gyara wannan, to yanzu a yi maganar fenti.

Takarda tukuna. In akwai gurbin hatsari a jikin motar, gareji ba zai taɓa ta ba sai da izinin gyara, wanda ake cirewa ta manhajar gwamnati ta Absher. In launi za ka sauya, nemi izinin Murur, 'yan sandan hanya, kafin a fara, a kuma gyara istimara, takardar rajistar mota, daga baya. Ni na fi son a bar mota a launinta na asali. A Toyota, lambarsa na kan farantin kamfani, a jikin ƙofa ko cikin gidan inji, kusa da C/TR. Ita za ka ba mai haɗa fenti, ba hoton waya ba.

Wurin zaɓen gareji a Sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, kada motar da aka gama ta ruɗe ka, kowace sabuwar fesa sheƙi take. Duba wadda ake cikin aikinta. An cire fitilu, hannun ƙofa da robobin gilashi, ko an manna musu takarda kawai? Suna da ɗakin gashi mai rufi, ko a fili suke fesawa ƙura na sauka? Sai ka zauna da mai wurin ka ce masa, "Mu'allim, inda duk tsatsa ta ci, a yanke a yi waldar sabon ƙarfe, ban yarda a cike da ma'ajun ba." Wannan ita ce maganar da ta fi kowace muhimmanci. Ma'ajun, wato ƙullin da ake cike lotsawar bodi da shi, in ya yi kauri ba ya jure zafin rana da girgizar hanyar daji. Yakan tsage, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa. A ƙirar 80, duba ƙasan gilashin baya, magudanar ruwan rufi, bakin taya na baya da ƙarƙashin kafet. Ƙaramin maganaɗisu ya ishe ka: inda ya ƙi kamawa, an cusa wani abu.

A rubuta komai: sunan kamfanin fenti, share fage na ifoksi a kan tsuran ƙarfe, yawan shafin da za a fesa, ko cikin ƙofofi na cikin lissafi, da ranar gamawa. Kuɗi kashi uku. Na farko na sayen kaya, na biyu sai ka zo da kanka ka ga ƙarfe tsirara bayan walda kafin a rufe shi, na uku ranar karɓa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan sharaɗi. Wanda ya nemi duka a gaba, na ga yadda motar mutum ke komawa lungu ta yi watanni an tara mata kwalaye a kai.

Ka ce a mayar da tsoffin ƙafafun lokacin fesawa, sababbin su zauna a gida, don feshin fenti ba ya fita da sauƙi daga rim. Ranar karɓa kuma je da hantsi, a fito da ita rana, ka tsuguna ka kalli gefenta daga gaba zuwa baya. A nan tudu da kwari da zubar fenti ke bayyana, fitilar gareji ɓoye su take. Buɗe kowace ƙofa ka duba baki-baki. Ka nemi ragowar fentin a ƙaramin gwangwani don toshe tabon tsakuwa, sannan ka yi wata guda kana wanke ta da ruwa da soso mai laushi kawai, ba folish, ba injin wanki mai buroshi.