Yadda ake yawo da wuƙar aiki a Zariya ba tare da an kwana a caji ofis ba

Yawancin yaran da na ga an tafi da su saboda wuƙa ba 'yan sara-suka ba ne. Masu neman na kansu ne: yaron mahauci, mai sayar da rake, mai gyaran lantarki. Tun da ƙwacen waya ya yi yawa, jami'an tsaro ba sa wasa da duk wani ƙarfe mai kaifi, kuma ban ga laifinsu ba.

Fara da zaɓen wuƙar. Ka sayi ƙarama mai naɗewa, wadda tsawonta bai wuce ɗan yatsanka ba. Wuƙa mai kube da ake sokewa a ƙugu ko a ɗaura a dantse, ka bar ta a gida, ko da gadon kakanka ce. Kada tsada ta ruɗe ka, ta kasuwar Sabon Gari mai araha tana feƙe waya da ɓare lemo daidai da kowace, kuma in ta salwanta ba ka yi asara mai yawa ba.

Sai wurin ajiya. Kayan aiki cikin 'yan'uwansa yake zama. Wanzami bai taɓa sa aska a aljihu ba, a zabira take. Kai ma naka ya zauna a jaka tare da filaya, sukudireba da salatif. Ɗan sandan da ya zuge jaka ya ga wannan ya san sana'arka kafin ka buɗe baki. Wuƙa ita kaɗai a aljihun wando da ƙarfe goma na dare a Kwangila, wannan wata magana ce daban.

Inda aka fi faɗuwa shi ne lokacin da aka tsayar da kai. An tare keke ko acaɓa, an ce kowa ya sauko, sai ka ga yaro don ya nuna gaskiyarsa ya cusa hannu a aljihu zai ciro wuƙar. Kada ka kuskura. Mai bindiga bai san abin da ke zuciyarka ba, hannunka kawai yake kallo. Ka bar hannayenka a fili, ka yi sallama, sannan ka ce: "Yallaɓai, ni mai gyaran lantarki ne, akwai wuƙar aiki a jakata." Kai za ka fara faɗa, kafin ya gano da kansa. Ka bar shi ya ciro ta, ko ya ce ka miƙo, kuma in za ka miƙa, a naɗe, ƙotar tana wajensa. In ya tambayi inda ka fito, faɗi sunan unguwa da na maigidanka kai tsaye. Kada ka ce "don kare kaina nake riƙe ta." Wannan maganar ita ke mayar da kayan aiki makami, da bakinka ka yi wa kanka shaida. Katin ƙungiyar sana'arku yana taimakawa ƙwarai a nan, ya fi rantsuwa.

Kana da haƙƙi, kuma ya kamata ka sani. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce jami'i ya faɗi sunansa da ofishinsa da dalilin binciken kafin ya caje ka, kuma aski ko irin tufafinka ba su zama hujjar zargi ba. Mace kuwa, mace 'yar'uwarta ce ke caje jikinta. Amma ka tambaya da ladabi, ba da ɗaga murya a bakin titi ba.

In an tafi da kai duk da haka, ka nemi a rubuta kayan da aka karɓa, ka kira maigidanka ko wani babba a gida, kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba. Tsarin mulkin 1999 ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Beli kuma kyauta ne.

Ranar hawan Sallah, taron siyasa da rumfar zaɓe, ko ƙaramar ma kada ta bi ka. Dokar Zaɓe ta hana zuwa gangami ko wurin jefa ƙuri'a da makami, kuma a cunkoso babu mai lokacin sauraron bayanin sana'arka.