Darasi na Bakwai: An Sa Sabbin Lasifikoki a Ƙofofin Baya, Amma Sauti Ya Ragu

Mai mota yakan cire tsoffin lasifikokin ƙofofin baya ya sa sababbi, yana jiran ya ji kiɗa ya cika motar. Yana kunna rediyo sai ya ji murya siririya, ba nauyi, ba ta ma kai ta dā ba. Nan take zuciyarsa ta ba shi cewa jabu aka sayar masa. Yawanci ba haka ba ne. Lasifikar lafiyarta ƙalau, matsalar tana wajen haɗawa, kuma kana iya gano ta da hannunka kafin ka sake kashe kuɗi.

Ka tanadi sukundireba, da ƙaramin batir mai ƙarfin bolt 1.5 irin na rimot, da guntayen waya biyu, da tef na wuta. In akwai mita, wato na'urar auna wuta, ya fi kyau. Kafin ka taɓa wata waya, ka kashe mota, ka zare makulli. Duk wayar da ka gani da rawayan marufi ko rawayan soket, ka bar ta. A yawancin motoci ta jakar iskar da ke kare mutum a lokacin haɗari ce, ba a wasa da ita.

Fara da rediyon

Kada ka yi saurin kwance ƙofa. Ka shiga wurin saita sauti ka nemi kalmomi biyu, FAD da BAL. FAD shi ke raba sauti tsakanin gaba da baya, BAL kuma tsakanin hagu da dama. Sau da yawa tun lokacin da tsoffin lasifikokin suka fara gurnani aka tura sautin gaba, aka manta. Ka mai da duka biyun tsakiya, ka saurara.

Waya a juye

A nan ya kamata ka natsu, domin wannan ce matsalar da aka fi cin karo da ita.

Lasifika tana da faifai a gabanta, wanda ke fitowa yana komawa da sauri. Wannan motsin ne ke tura iska, kunne ya ji sauti. Kowace lasifika tana da baki biyu na haɗa waya, ɗaya mai alamar + ɗaya mai alamar −. In an haɗa ta hagu daidai, aka juya wayar ta dama, to lokacin da faifan wannan ke fitowa, na waccan komawa yake yi. Kamar mutum biyu ne, ɗaya yana tura ƙofa ta ciki, ɗaya yana tura ta ta waje: kowa yana aiki, amma ƙofar tana nan inda take. Murya za ta fito, sai dai nauyin ganga, wato bes, shi ke ɓacewa.

Ga yadda za ka gane ba tare da kwance komai ba. Sa kiɗa mai ganga sosai. Tura FAD baya gaba ɗaya, ka bar BAL a tsakiya, ka saurara da kyau. Sannan ka tura BAL hagu har ƙarshe. In ka ji nauyin gangar ya ƙaru da lasifika ɗaya ta rage tana aiki, ka kama ɓarawon: waya ɗaya a juye take. Ai bai kamata biyu su kasa ɗaya ba.

Yanzu ka cire murfin ƙofa, ka zare wayoyin motar daga lasifikar. Ɗauki ƙaramin batirin nan, ka haɗa shi da bakunan lasifikar na ɗan lokaci kaɗan, taɓawa kawai, idonka a kan faifan. In ya yunƙuro waje, bakin da ke haɗe da kan batirin mai + shi ne +. In ya shige ciki, ɗayan ne. Ka yi wa wurin alama. Kada ka yi wannan gwaji a kan 'yar ƙaramar lasifikar siririn sauti, tana iya lalacewa.

Launin waya fa? A rediyon da aka saya aka sa daga baya, koriya ta hagun baya ce, shunayya ta daman baya, kuma mai baƙin layi a jiki ita ce −. Amma wayoyin da ke cikin ƙofa, kowane kamfani da nasa launin, don haka kada ka yi zato. Ka juya wayoyin ƙofa ɗaya tak, ka sake saurara.

Iska tana zuba ta gefe

Faifan lasifika yana tura iska ta gaba da ta baya. In akwai kafa tsakanin lasifikar da ƙarfen ƙofa, iskar bayan za ta zagayo ta kashe ta gaban, bes ya tafi. Wannan yakan faru in tsohuwar ta zo da nata zoben roba, aka jefar da shi, aka ɗaure sabuwar da sukuru biyu kawai. Haska tocila ta gefe, in ka ga haske yana ratsawa, akwai kafa. Sa zoben da ya dace da ramin, ka liƙa siririn soso a kewaye, ka ɗaure dukkan sukurorin. Ka kuma sauke gilashin ƙofa ka tabbatar ba ya bugun maganaɗisun da ke bayan lasifikar.

Karanta lambobin

Juya tsohuwar lasifikar ka duba bayanta. Za ka iya ganin lamba da alamar Ω, ana ce da ita om, ma'aunin yadda lasifika ke tare wutar da ke shigarta. Yawancin lasifikokin mota om 4 ne. Amma wasu motocin da suka zo da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, daga kamfani suna amfani da masu om 2. In ka cire mai om 2 ka sa mai om 4, wutar da za ta ja ta ragu da kusan rabi, dole sauti ya sauka. Nan babu kuskuren haɗi, zaɓin ne bai dace ba.

A jikin kwalin sabuwar akwai wata lamba da dB a gabanta, kamar 88 ko 91. Ita ke nuna yawan ƙarar da lasifika ke bayarwa da wuta kaɗan. Bambancin 3 ba ƙarami ba ne: mai 88 sai ta sami ninki biyu na wutar mai 91 kafin su yi daidai. Wannan lambar ta fi muhimmanci a kan babban rubutun wat 300 da ake ƙawata kwali da shi, wanda iyakar abin da lasifikar za ta iya ɗauka na ɗan lokaci kawai yake nunawa. Rediyon da aka rubuta masa 50 sau 4, wato wat 50 ga kowace cikin lasifikoki huɗu, abin da yake bayarwa a kai a kai bai cika wuce wat 15 zuwa 22 ga kowace lasifika ba. Shi ya sa manyan lasifikoki masu nauyin maganaɗisu sukan yi sanyi a kan rediyo kaɗai.

In sautin yana zuwa yana ɗaukewa yayin da kake buɗe ƙofa da rufewa, duba bututun robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Wayoyin ciki sukan karye saboda yawan lanƙwasawa. Mita kuma za ta faɗa maka lafiyar lasifikar: mai om 4 takan nuna tsakanin 3 da 4. In ba ta nuna komai ba, ta ƙone.

Akwai motocin da tun daga kamfani aka rage wa baya ƙarfi da gangan. Mayar da tsohuwar lasifikar a ƙofa ɗaya ka kwatanta. In duka biyun sun yi rauni iri ɗaya, maganar ta koma kan rediyo ko amfilifaya, sai a kai wa mai gyaran wutar mota.

Aikin yi

Ku nemo tsohuwar lasifika guda da ƙaramin batir. Kowa ya gwada da hannunsa, ya nuna wa na kusa da shi bakin da yake +. Sannan kowa ya rubuta a littafinsa lambar om da ya karanta a bayanta.