Kurakuran da aka fi yi game da ƙwai da kolesterol

Na gaji da ganin mutum ya karɓo takardar gwajin jini a Garwa ko Marwa, ya ga kolesterol ɗinsa, wato wani maiƙo da ke cikin jini, ya haura giram 2 a lita, sai ya haramta wa kansa ƙwai, ya ɗauka shi ke nan an kashe wutar.

Gaskiya ne gwaiduwar babban ƙwai tana ɗauke da kolesterol wajen miligiram 186, farin kuwa babu ko kaɗan. Amma mafi yawan wanda ke yawo cikin jini jiki ne ke haɗa shi da kansa, musamman hanta, kuma ga yawancin mutane idan abinci ya kawo da yawa, hantar takan rage nata. Saboda haka ne a 2015 hukumomin Amurka suka janye iyakar miligiram 300 a rana daga shawarwarinsu na abinci. Abin da ya fi ɗaga LDL, wato nau'in kolesterol ɗin da ke taruwa a bangon hanyoyin jini, shi ne kitse mai daskarewa, irin na man shanu da manja da kitsen tsire.

Ku dubi abin da kuke yi a teburin mai shayi! A fasa muku ƙwai biyu, a cuɗa da taliya, a soya cikin man da ya sha wuta har ya yi baƙi, a dunƙula cikin burodin da aka shafe da mayones, ku kora da shayi mai madarar gwangwani da sukari cokali uku, sannan ku ce ƙwai ne ya cuce ku. Sukarin nan da farin burodin suna ɗaga wani maiƙon jinin da ake kira tiriglisarid. Ni dai dafaffen ƙwai guda nake ci da safe, ba suya, shayina kuma ba madarar gwangwani.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo shi ne ajiye magani. Wani kawuna mai ciwon sukari, likita ya ɗora shi a kan maganin sitatin, wanda ke rage kolesterol ɗin da hanta ke haɗawa. Da ya daina cin ƙwai sai ya ce maganin ya zama ɓarnar kuɗi, muka yi ta lallashi ya ƙi, har ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, kuma har yanzu mu ke jinyarsa. Barin ƙwai ba ya maye gurbin magani, balle ga wanda ya gaji yawan kolesterol daga iyaye.

Samari masu ɗaga ƙarfe da ke shanye ƙwai shida ɗanye su ma sun kauce, domin akwai mutanen da LDL ɗinsu ke tashi sosai da gwaiduwa, ga kuma haɗarin ƙwayoyin cuta a ɗanyen ƙwai. Mai ciwon sukari ko na zuciya ya tambayi likitansa adadin da ya dace da shi.

Ƙwan zabi da ke cika kasuwa da damina shi ma yana da kolesterol, kada a ruɗe ku. Ramar jiki ba ta nuna jini lafiya lau yake. Rubutun “babu kolesterol” a jarkar man girki dabarar talla ce, tunda man tsiro dama ba shi da shi. Idan likita ya ce a zo gwaji ba a ci komai ba, to a kwana awa 12 ba a sa komai a baki ba sai ruwa, kuma shayin asuba ma abinci ne.